Kanari Ya Daina Fito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hannun da ya aikata abin da ake baƙin cikin a kansa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan filin tashin jirage rasuwar Kanari, wanda ya cika ranar Talatar makon jiya da hantsi, a kan teburin cin abincina, tsakanin kwamfuta da kofin shayin da ya huce. Ban buɗe wannan sanarwa da kalmomin da ake buɗe ta ɗan Adam da su ba, domin na san iyakata. Amma duk wanda ya ce ba rashi aka yi a gidan nan ba, to bai shigo ya ji shirun ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: ɗan allon lantarki ne da bai kai faɗin kwalin ashana ba, yana zaune a ƙirjin wani ƙaramin jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu, wanda muke kira Mazari. Aikinsa rabon wuta. Batir ya miƙo masa, shi kuma ya auna wa kowane inji daidai abin da zai juya da shi, ya ce wa wannan ƙara sauri, ya ce wa wancan sassauta, sau dubbai kafin ƙiftawar ido. In Mazari ya tsaya cak a sama kamar an rataye shi da zare, sai 'yan kallo su tafa wa mai riƙe da rimot. Ba a taɓa tafa wa Kanari ba, bai kuma taɓa nema ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina shugabantar makarantu, ban ga ma'aikacin da ya raba abu huɗu babu ƙorafi ba sai shi. Ya sha zafi, ya sha ƙura, ya faɗo daga kan bishiya sau biyu ta dalilina, bai riƙe ni a zuci ba.

Ba ni na haɗa shi ba. Ƙanina ne, autan mahaifiyarmu, wanda har furfura ta fito masa ba mu daina kiransa Auta ba. Shi ya narka dalma ya liƙa masa wayoyinsa goma sha huɗu, shi ya raɗa masa suna, shi kuma ya koya masa abin da ya sa nake wannan rubutu.

Masu wannan sha'awa sun san cewa irin waɗannan alluna ba su da baki, amma suna magana. Da zarar an haɗa batir, sai allon ya girgiza injunan su yi 'yar ƙara, alamar ya farka. Na kowa iri ɗaya ce: ti-ti-ti, sannan tii-tii. Sai dai wanda ya iya yana iya shiga manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar allon, ya cire wannan ƙara ya dasa tasa. Auta ya iya. Abin da ya dasa wa Kanari fitonsa ne, sauti biyar: biyu gajeru, ɗaya dogo mai hawa, biyu a ƙarshe. Tun muna yara da shi yake kirana daga bayan katanga in ina ciki ina karatu. Ni ban taɓa iya fito ba, iska kawai ke fita daga bakina. Yakan ce ai ba sai na iya ba, sunan abin ma ya gaya mini aikina: shi ya yi fito, ni in fito.

Wajibi ne in faɗi yadda marigayin ya zo hannuna, ko da yake da na so in tsallake.

Shekara biyu da suka wuce, a gaban dangi, na ce wa Auta abin kunya ne mai gemu ya yini a fili yana wasan yara. Ya yi dariya, ya ce ai ni tun ina firamare na tsufa, shi ya sa yake yi mana yarintar mu biyu. Kowa ya yi dariya, ban da ni. Bayan mako guda ya zo ƙofar gidana da yamma, ya yi fito. Ina zaune da jarida a hannu, labule kaɗai ke tsakanina da ganinsa. Na ce wa uwargida ta ce masa barci nake. Washegari ya dawo, ya sake yi. Jibin nan ma ya dawo. Uwargida ta ce akwai wata jaka a hannunsa, ya ce abu ne zai nuna wa Yaya, ba na ba da saƙo ba ne. Na ce a raina in na gama horar da shi zan fito, kamar yadda na saba barin ɗalibi a tsaye a ƙofar ofis. Kwana tara bayan haka zuciyarsa ta tsaya yana ɗaure igiyar takalmi.

Da aka share makoki, matarsa ta kawo mini jakar. Ta ce tun da ya haɗa jirgin yake cewa na Yaya ne. Wata biyu ban buɗe ba. Ranar da na buɗe, na haɗa batir bisa bin takardar da ya rubuta da hannunsa, sai Kanari ya yi fito a tsakiyar falona. Ban san lokacin da na miƙe na nufi ƙofa ba.

Tun daga ranar, matar Auta takan zo kowace Asabar da yamma. Ta gaishe mu, ta zauna a kujerar roba ta baranda, in cire farfelu, in haɗa batir. Ta saurara, kanta a sunkuye. Wani lokaci ta ce, «Yaya, a ƙara ɗaya.» Sai in cire in sake haɗawa. Ta sha shayi, ta yi mana sallama. A ɗaya daga cikin waɗannan Asabar ɗin ne ta gaya mini da wannan fiton yake kiranta a ƙofar gidan mahaifinta lokacin yana nemanta, da shi kuma yake shigowa gida shekara ashirin da shida. Ashe ba ni kaɗai ake kira da shi ba. Ta nemi izinin ta ɗauki sautin a wayarta. Na ce babu buƙata, waya tana ɓata sauti, kuma abin da ke hannuna ba ya salwanta. Wannan shi ne dalilin da na faɗa. Na gaskiyar shi ne rowa: na so ya zama akwai abu ɗaya na Auta da sai an zo wurina za a same shi.

Rashin lafiyar marigayin ta fara a hankali. Injin baya na hagu ya soma in'ina, ya yi kakat-kakat kafin ya ɗauki juyi. Abokan fili suka ce ai manhajarsa ce ta tsufa, kowa ya sabunta tasa sai Hedimasta, wanda ke tashin jirgi da ilmin zamanin alli. Na buga wa mai gyaranmu waya, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matattakalar wani bene, mutum mai haƙuri da ya san Kanari tun yana hannun Auta. Cikin hayaniyar shagon ya ce mini, «Baba, kafin ka taɓa komai ka goge shi tas tukuna. In bai daina ba, sai a yi maganar sabuntawa.»

Na ce na gane. Shekara talatin da ɗaya ina tambayar ɗalibai ko sun gane, na san fuskar wanda ke cewa e alhali bai gane ba, amma ban taɓa ganinta a madubi ba. Uwargida ta ce in ɗauki jirgin in kai shago mana, tunda hanyar ba ta ƙare ba. Na ce abin da Auta ya iya ba zai gagari yayansa ba.

Na yi komai bisa ƙa'ida. Na cire farfelu huɗun na jera. Na jona Kanari da kwamfuta ta waya. Shafin sabuntawa ya buɗe, ya gane Kanari, ya nuna sunansa da lambarsa. A ƙasa akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama in ana so a goge duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar allon kafin a zuba sabuwar manhaja. Na ce to, ga abin da mai gyara ke nufi. Na sa alama, har da jin daɗin ɗalibin da ya gano amsa. Koren layi ya ratsa fuskar kwamfuta sau huɗu. Na cire batir na mayar.

Ti-ti-ti. Tii-tii.

Lafiyarsa lau, amma bai san ni ba. Ya gaishe ni irin gaisuwar da kowane allo ke yi wa kowane baƙo. Na cire na mayar ya fi sau goma. A nan ne ya kamata in tsaya, domin har lokacin yana da rai. Maimakon haka na ce bari in mayar masa da tsohuwar manhajar, ko fiton yana maƙale a cikinta. Fayilolin suna da yawa, sunayensu sun yi kama, harafi ɗaya ne ya raba na Kanari da na wani allo daban. Tabarauna yana ɗaki, ban tashi na ɗauko ba. Da na haɗa batir a karo na ƙarshe, ya yi wata 'yar ƙara kamar an karya tsinke, siririn hayaƙi ya tashi daga kusurwarsa ta hagu, wari ya cika falon. Shi ke nan.

Da na kai gawar shago, mai gyara ya saurare ni har na gama. Sannan ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da wani tsohon buroshin haƙori, ya ce, «Baba, da wannan fa na ce ka goge.» Ya share allon, ya share injin baya na hagu, sai wani ɗan ɓurɓushin ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba ya faɗo a kan farar takarda. Cutar ke nan gaba ɗayanta. Ba ma a jikin Kanari take ba.

Marigayin ya bar injuna huɗu, dukansu lafiya, sai dai babu mai gaya musu abin yi. Ya bar batir biyu, da rimot wanda babban yatsan Auta ya cinye fentinsa, da kyamara mai tsagaggen ido. Ya bar matar Auta. Ya bar ni, wanda ba a sa shi a jerin magada sai a jerin waɗanda ake tuhuma.

Asabar ɗin da ta wuce matar Auta ta zo kamar kullum. Na ce mata batir ne ya ƙi ɗaukar caji. Ta ce ba komai Yaya, Allah Ya kai mu ta gaba, ta sha shayinta. Bayan ta tafi uwargida ta tattara kofuna, ta tsaya a kaina ta ce, «Na yi ƙarya dominka kwana uku a bakin ƙofar nan, mun ga inda ta kai mu. Wannan ba da ni ba.» Saboda haka kwafin farko na wannan sanarwa matar Auta za a kai wa, hannu da hannu, kafin kowa ya gani. Ƙanwata, ba batir ba ne. Ni ne. Kin nemi ki ɗauka na hana ki, na ce abin da ke hannuna ba ya salwanta. Ban nemi ki ce ba komai ba.

Mai gyara ya ce ana iya koya wa sabon allo kowane sauti, muddin an samu wanda zai rera masa shi daidai ya rubuta. Na gwada a gabansa, iska ce kawai ta fito. Na gwada da murya, ya rubuta, ya kunna, ba shi ba ne. Biyun farko suna nan, dogon yana nan, amma na huɗun na rasa ko hawa yake ko sauka. Shekara hamsin ina jinsa, kullum ta bayan bango.

Za a yi jana'izar ranar Asabar mai zuwa da yamma, a lokacin da aka saba haɗa batir. An naɗe marigayin a ƙyallen goge tabarau, an sa shi a gwangwanin da Auta ke ajiye ƙananan kusoshi. Ba za a haƙa masa rami ba, domin mai gyara ya ce irinsa ba ya narkewa a ƙasa. Za a ajiye shi a saman kabad ɗin littattafai, inda idona zai riƙa faɗa masa. Ba a buƙatar taro. Abokan fili su yi ta'aziyya daga inda suke, masu cewa dama sun faɗa su bari sai bayan kwana bakwai. Mai gyara zai zo da sabon allo da kwamfutarsa, ya zauna a ciki, ba zai matsa wa kowa ba.

Kujerar roba tana baranda. In matar Auta ta ga ba za ta iya zuwa ba, babu mai ganin laifinta. In kuwa ta zo, ina roƙon alfarma ɗaya: kada ta ƙwanƙwasa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi fiton yadda ta san shi. Ba na barci. Zan fito.