Wankin Baffa Tanko

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau tsauni gaida Baffa Tanko ba, kuma ko na so in manta, matata Hadiza ba za ta bari ba. A lokacin ba mu yi aure ba. Mahaifinta ya rasu, magana duk tana hannun wannan Baffan nata, shi kuwa ya aiko cewa ba zai ba da 'yar ɗan'uwansa ga mutumin da bai gani da idonsa ba. Yana zaune a wani ƙauyen masu haƙar zinare a kan tsauni, can cikin dajin Birnin Gwari. In ya ce a'a, shi ke nan, na rasa Hadiza.

Da safe ta kira ni ta ce, "Malam, Baffa ba shi da matsala. Abu ɗaya ne, ka kiyayi wankinsa. Ko matarsa Goggo ba ta taɓa masa."

Na ce, "Haba, me zai haɗa ni da wankin dattijo?" (A raina ina cewa wannan tsoho akwai kishin tsumma.)

Na zuba farar shadda, na kafa hula, na feshe jiki da turare. Abokina Bala ya ɗauke ni a babur, da sharaɗin mu sauko kafin rana ta yi sanyi, don kowa ya san halin hanyar nan. Muka ratsa ƙauyuka biyu, ko'ina ramuka, injin niƙa dutse na ta ƙara, mutane sun yi fututu. Ni kuma da yake malamin kimiyya ne a sakandare, tun daga gari nake yi wa Bala lacca a kan ma'adinai, har ya ce don Allah in bar shi ya ji da duwatsun hanya.

Baffa ya karɓe mu a rumfa. Dogo ne, ba ya yawan magana. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon takalmina mai sheƙi. Da azahar ta yi, matarsa Goggo ta ce in zaga bayan rumfa, akwai ruwa a randa. Ina zagawa na ga riguna a kan igiya. Na ce yauwa, ga wankin Baffa nan! Na tattare shaddata na raɓe ta jikin zana, ko inuwarsu ban taka ba, ina yaba wa kaina.

Buta babu. Sai wata tsohuwar tasa a gindin randa, cike da ruwan laka, baƙin yashi kwance a ƙasanta. Na ce kai, ƙauye dai ƙauye ne. Na ɗauka na watsar, na ɗauraye ta tas (har da sa yatsa ina kankare gefe, don a ga surukin kirki), na ɗebi ruwa mai kyau na fara alwala.

Ina wanke fuska na ji salati. Goggo ce, hannu biyu a ka. "Innalillahi! Malam, ka zubar da wankin!"

Na nuna igiya na ce, "Goggo, wallahi ban taɓa ba, ga shi can."

Bala ne ya matso ya raɗa mini. Ashe a nan, wanki shi ne garin dutsen da aka yi ta tacewa da ruwa har ya rage baƙin yashi mai zinare. Aikin sati guda na watsar, haƙa da niƙa da tacewa. Malamin kimiyya! Kunya ta kama ni, na ji kamar in faɗa ɗaya daga cikin ramukan nan a rufe ni.

Baffa ya zo ya dubi tasa, ya dubi ƙasa. Na ce, "Baba, kada kowa ya taka wurin. Zinare yana da nauyi, ba ya bin ruwa, yana nan inda ya faɗi."

Ya ce, "Wannan mun sani tun ba a haife ka ba. Wa zai kwashe?"

Muka yi salla (Allah ya yafe mini, rabin hankalina na gindin randa). Ina sallamewa na cire hula, na naɗe hannun riga, na durƙusa cikin caɓi da fartanya, na kankare wurin har na shiga ƙasa sosai. Goggo ta tsaya a kaina tana gyara mini hannu. "Ba haka ba, Malam! A hankali, kamar mai rege gero." Bala na ta nuna mini rana, na ƙi kallonsa. Tasa bayan tasa, baya ya ƙage, farar shadda ta koma ja.

Can sai ɗigo-ɗigon rawaya suka fara taruwa a gefen tasa. A ta ƙarshe kuma ga wani dunƙule kamar ƙwayar dawa. Baffa ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Wannan ba ya cikin wankina. Ni na tace da hannuna, da na gan shi." Ashe a bayan rumfarsa yake kwance, shekara da shekaru ana alwala a kansa!

Goggo ta rangaɗa guɗa. Baffa ya yi dariya, karo na farko tun zuwanmu. Ya ce, "Ka yi ɓarna, ba ka gudu ba. Malam, a turo manya."

Haka na shiga gari a bayan Bala, laka har a gira, ina ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Tun daga ranar ba na zubar da ruwan da ban san asalinsa ba. Ko jiya Hadiza ta ce in taimaka in zubar mata da ruwan wanke-wanke, na ce sai na tambayi Baffa. Ta jefe ni da soso.