Amyar da Nomau Ya Kai Nesa

A shekara guda Tabawa ta rasa miji da amyar zuma goma sha ɗaya. Abin da ya rage mata amya ɗaya ce, sai ƙanin mijinta Nomau, ƙato mai gemu, wanda in ka ce masa zauna, sai ka tuna ka ce masa tashi.

Ana gama zaman makoki Alhaji Ilu mai zuma ya taya amyoyin, lokacin suna goma sha biyu cif, buhun gero biyu.

"Albarka," in ji Tabawa.

"Mace ba ta iya raba amya, Tabawa. Za ki neme ni."

Ta rantse sai ta raba, ta fitar da sababbin sarauniyoyi.

Wata rana ta ce wa Nomau ya raba ƙudan zuman amyar da ta rage biyu daidai, kada ɓangare ya fi ɓangare. Azahar ta iske shi zaune, fuska kamar ƙwarya, yana tsintar ƙuda ɗai-ɗai.

"Yaya, wanda na ƙirga ba ya tsayawa inda na ajiye shi."

Wata rana ta ce kada ya ɗauke ido daga sabuwar sarauniya. Sarauniya ta fita neman maza, Nomau ya bi ta kai sama, ya tattake albasar liman, ya ƙare a cikin rijiyar lambu.

Wata rana kuma ta ciro saƙar zuma mai ƙwai da ƙudanta ta sa a sabon akwati. Ta san in an bar shi kusa, ƙudan za su koma tsohuwar amya.

"Kai shi nesa."

Nomau ya ɗora a ka. Duk wanda ya tarar sai ya tambaya, "Nan ne nesa?" A ce masa gaba. Kwana uku babu Nomau. Sai da ya kai dajin ɗorawa inda babu mai ba shi amsa ya sauke, ya dawo ba akwati. Tabawa ta yi masa faɗa har muryarta ta dushe.

Da wake ya yi fure, manoma suka yi feshin magani. Ƙudan garin suka zube kamar tsaba, nata da na Alhaji duka.

Nomau ya kai ta dajin. Ta buɗe akwatin, ta ga ƙwai a jere babu giɓi, sarauniya doguwa tana tafe a natse. Ta raba, ta sake rabawa.

Alhaji Ilu ya zo da kansa, ya gaishe ta har sau biyu.

"Sarauniya ɗaya nake so. Gero tiya biyar."

"Albarka. Ai mace ba ta iya ba."

"Haba Tabawa! Buhu guda."

Ta ci gaba da tankaɗe, har ya goge gumi.

"Buhu biyun nan da ka taya goma sha biyu," ta ce. "Kowace sarauniya. Kawo, na sallama."