Ƙwaryar Inna a Bango

Lokacin aikin dam ɗin Bakolori na kama ɗaki a Talata Mafara. Na ga Turawan kamfani suna rataye ƙore a bango don ado, na ce ai ni ma wayayye ne. Na ɗauko ƙwaryar da Inna ta ba ni ajiya, wadda ta tsira da ita da ruwa ya ci ƙauyenmu, na kafa mata ƙusa a tsakiya, na ja baya ina yaba kaina.

Da Inna ta zo daga Maradun da ƙullin fura, ta daɗe tana kallon ƙwaryar.

"Wanga ɗa, bangon ne ke jin ƙishirwa?"

Ba ta yi faɗa ba. Amma har ta tsufa, in na je gaishe ta, a cikin hudajjiyar ƙwaryar nan take zuba mini fura, ta miƙo tana murmushi: "Toshe da yatsa, Bature."