Kwaɗon Jamus

Lokacin da nake aiki a wani ofishin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Khabaisi can ƙasar Larabawa, manajanmu Bajamushe ne, ba shi da zance sai ƙwallon hannu. Ranar wasan ƙarshe na kakar, ƙungiyar garinsu tana neman kofi, ya kunna mana talabijin a ofis. Ni kuma bizata ta kusa ƙarewa, neman shiga nake yi a wurinsa don a sabunta mini.

Na miƙe gaban ma'aikata, a matsayina na masanin ƙwallo tun daga Fagge, na ce duk ƙwallon da ƙungiyar oga ta ci zan yi tsallen kwaɗo biyar. A lissafina, in sun yi wuta su ci uku.

Fuseini direbanmu, ɗan Zangon Kumasi, ya ce, "Ɗan'uwa, ka taɓa kallon wasan nan kuwa?"

Na ce, "Habibi, ƙwallo ai ƙwallo ce."

Kafin in gyara zama sun ci biyu. Ashe mutanen nan jefawa kawai suke yi, kamar masu lodin kwantena. Oga bai yafe ko ɗaya ba, sai dai ya ce, "Yalla, biyar." Kafin hutun rabin lokaci na koma yi wa abokan hamayya addu'a a zuci. Sun ci talatin da wani abu, suka ɗauki kofi. Sati guda a zaune nake sallah.

An sabunta bizar. Amma har yau in na shiga unguwar Al Buteen, 'yan Kanon da ke can sai su ce, "Kwaɗon Jamus, yau nawa aka ci?"