Silifar Tsohuwa a Kan Ƙaton Kai

"Lafiya lau muka wuni, sai yanzu da ka shigo ka tare mana haske da wannan kan naka."

"Ni ma lafiya, Tsohuwa. Na zaci an kai ki gidan ajiye kayan tarihi, ashe har yanzu ba su sami motar da za ta ɗauke ki ba."

Haka mai ɗakina da jikanmu suke gaisawa tun da ya fara magana. Ita Ƙaton Kai take ce masa, in kuma tana neman wani abu a wurinsa sai ya koma mijina. Ni ina bakin taga ina gyara ƙafar wata kujera, don na bar aikin kafinta amma hannuna bai bari ba.

Jikan nan namu yana aiki ne da wasu masu ƙera wata manhaja a intanet. Yadda na fahimta, ba wasan gem suke yi ba, kayan aikin yin wasan suke ƙerawa, kamar mai yi wa kafinta zarto da guduma. Mutum ya buɗe shafinsu a waya, ya haɗa nasa wasan da kansa. Kullum kuma cikin gyara abin suke.

Ranar nan ko zama bai yi ba ya fara bayani, bakinsa har rawa yake. Wata biyar ya yi yana haɗa wani sabon shafi na hotuna zalla, don wanda bai iya rubutun kwamfuta ba. Shugabar aikinsu ta ce ba ta yarda abin yana da sauƙin da yake faɗa ba. In bai kawo mata bidiyon wanda bai taɓa yi ba yana haɗa wasa cikin minti ashirin, ba tare da an taimaka masa ba, kafin ƙarfe huɗu na yau, to ba za a sa shafin a sabuwar manhajar da za su fitar wannan mako ba. Lokacin uku saura kwata.

"Shi ne na zauna na ce, wa ya fi kowa duhun kai a duniyar nan? Sai fuskarki ta faɗo mini."

"Ashe dai kana kwana da tunanina. Ni da na ɗinka wandon da ka jiƙa a ranar farko ta makaranta, ni ce mai duhun kai?"

"Wandon ne ya matse ni. Ɗinkin ne ba kyau."

"Kawo abin naka in gani, mara kunya."

Ya miƙa mata wata waya mai faɗin faranti, ni kuma ya ba ni tasa in ɗauki bidiyon. Ya ce sharaɗi ɗaya ne: ba zai taɓa ba, ba zai nuna ba, ba zai ce danna nan ba. Ya zauna a tabarma, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa.

"Tsoho, ka ɗauki wannan da kyau," in ji ta. "Yau an ɗaure mini shi."

Ta ɗora tabarau, ta zaɓi hoton wani ɗan mutum, ta danna. Ɗan mutumin ya ɓace. Ta zaɓi bishiya, ta danna, ita ma ta ɓace. Mota ma haka.

"Abin naka ɓarawo ne. Duk abin da na taɓa sai ya haɗiye. Halinka ya ɗauko, haka kake yi wa tukunyata."

"Ba zan ce komai ba."

"Ai ba ka da abin cewa. Wata biyar kana ƙera rami."

Ya zuba wa yatsanta ido, can sai ya zare hannayensa ya ce in dakata da ɗauka. Matar nan shekara arba'in ta yi tana ɗinki. In ta danna abu, dannawa take kamar mai tura allura cikin yadi mai kauri, kuma ba ta ɗagawa sai ta tabbata ya shiga. Su kuma sun tsara cewa in an danna an riƙe, gogewa ake nufi.

"Mu tara ne a ofis, ba wanda ya lura," in ji shi. "Duk taɓawa muke yi mu ɗaga."

"Yatsun ragwaye. Mutum tara, ba wanda ya taɓa riƙe abin da ya fi cokali nauyi."

"Naki ai ba yatsa ba ne, taɓarya ce."

"Taɓaryar da ta gano abin da ƙaton kai tara suka kasa."

Maimakon ya ji haushi sai na ga idonsa ya kawo haske. Ya buɗe kwamfutarsa a kan kujerar da nake gyarawa, ya hau bugawa yana magana shi kaɗai. Ita kuma ta tsaya a kansa tana tambaya ko sai ta kira masa uwarsa ta taya shi. Uku da minti ashirin ya ɗago, ya ce ta ja shafin ƙasa ta saki. Ta ja. Ta danna ɗan mutumin da ƙarfinta duka, ya tsaya cak yana kallonta.

"Au, ya ji faɗa? Yanzu yanzu? Ba a kai shi wurin mai gyara ba?"

"Daga nan na gyara, ya gyaru a can."

"To ya fi ka tarbiyya. Kai shekara ashirin da shida ina faɗa, ko alama."

Muka sake daga farko. Ya koma ya zauna a kan hannayensa, ni na ɗaga waya. Wannan karon ta ga wani hoto mai kamar idon kyamara, ta danna, sai ga fuskarta a gilashi. Ta juya abin ta saita shi.

"Yi murmushi, mijina."

"Me za ki yi da hotona?"

"An ce ka yi magana?"

Fuskarsa ta hau jikin ɗan mutumin. Ta sa yatsu biyu ta ja kan kamar mai buɗe roba a ƙugun wando, har ya kusa cika gilashin, ƙafafuwan suka zama kamar ashana biyu. Dariya ta kama ta har tabarau ya zame.

"Yanzu ya yi kama da kai. Da can sun rage maka."

Daga nan ta cire silifarta ta dama, ta ajiye a kan tabarma, ta ɗauke ta hoto. Akwai wani wuri da ake jan layi daga hoto zuwa hoto don a ce in wannan ya taɓa wannan, ga abin da zai faru. Na zaci nan za ta tsaya. Ta duba, ta ce ai wannan haɗa gaba da baya ne na riga, ta ja layi daga silifa zuwa kai, daga kai zuwa lamba. Ta gwada. Ƙaton kan ya ruga a guje, ta danna, silifa ta faɗo masa a tsakar ka, lamba ta koma ɗaya.

"Na same shi. Tsoho, ka gani? Tun yana shekara bakwai yake kauce mini."

Shi kuwa yana ta tsalle a zaune, ya rasa ko murna zai yi ko kuka. "Minti goma sha shida, Tsohuwa. Kin kusa, kin kusa."

Saura abu ɗaya kafin madannin gamawa. Shafin ya nuna hoton kunne, wato a sa ƙarar da za a ji in silifa ta sauka. Akwai nasu na ƙararrawa da na ganga. Ta saurare su duka, ta taɓe baki, ta miƙa wayar saitin bakinsa.

"Ce: wayyo Kaka, na tuba, kin fi ni."

"An hana ni taimako."

"Wannan ba taimako ba ne, kuka ne. Ba a hana ka kuka ba."

"Duk 'yan ofis za su buɗe wasan nan fa. Har shugaba."

"Shi ya sa nake so ka fito da muryar sosai."

"Ki sa ƙararrawar mana, don Allah. Minti goma sha takwas."

"Ni ba inda za ni. Tsoho, akwai inda za mu?"

Na ce babu.

Ya dubi agogo, ya dube ta, ya dube ni kamar zan cece shi. Ni dai na riƙe waya yadda aka ce in riƙe. Sai ya fashe da dariya, ya sunkuyar da kai, ya faɗa da wata siririyar murya irin ta yaron da aka kama da hannu a kwano. Ta ce bai yi ba, ya sake. Ya sake. Ta danna gamawa ana saura daƙiƙa arba'in.

Huɗu saura minti goma ya tura bidiyon da wasan. Muka zauna jiran amsa, har ita. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Ya karanta, ya rufe fuska da hannu, yana dariya. Shugabar ta ce shafin ya shiga sabuwar manhajar, da gyaran yatsan da komai. Ta ce kuma ta riga ta jefe shi sau talatin da ɗaya, amma mai zanen ofis ya fi ta.

"Shi ke nan, Tsohuwa, kin ci. Riƙe babbar wayar, na bar miki."

Ko godiya ba ta yi ba. Ta gyara zama, ta matsa mini gefe a kan tabarma.

"Tsoho, ajiye kujerar nan ka zo ka jefa naka. Na san kai ma ka daɗe kana tara masa."