Godiyar da Na Yi wa Gwamna da Yarabanci

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa gwamna godiya a kasuwar Bodija ba.

Lokacin mulkin soja ne, ina sayar da albasa, muna zaune a Sabo, unguwar Hausawa a Badun, ni da matata Hajara. Kwanon rumfarmu ta 'yan albasa duk ya yi tsatsa ya ɓule, ga damina ta kawo kai. Wanda ya san albasa ya san ruwan sama ɗaya ya isa ya ruɓar da buhu. Ana cikin haka sai aka ce gwamna zai zo zagayen kasuwa, kowane ɓangare ya fito da mutum guda ya yi magana.

Shi gwamnan nan, kowa da abin da yake faɗa a kansa. Direbobi na yabonsa don ya cike ramukan hanyar Mokola. Matan kasuwa kuwa ko sunansa ba sa son ji, ya rushe musu teburan bakin titi, ga garin rogo ya yi tsada. Mu kuma 'yan Sabo, a teburin mai shayi mu yi ta sukarsa, in motar soja ta gitta mu ɗaga hannu muna murmushi.

Shugabanmu, Alhaji Mamuda, ya ce a yi jawabin da Yarabanci don a nuna mu ma 'yan gari ne. "A fara da godiya, sannan a roƙi sabon kwano. Wa zai iya?" Kafin ya rufe baki na miƙe. (Ni da na zo Badun da gemuna, Yarabancina bai wuce na ciniki ba, amma a lokacin ji nake ko sarkin gari sai ya ɗauki darasi a wurina.)

Hajara a Sabo aka haife ta, Yarabanci a bakinta kamar ruwa. Na same ta tana suyar gyaɗar sayarwa, na gwada mata jimlar farko: "Gomina, e ti fun wa ni ishe," wato kun ba mu aiki.

Ta ɗago. "Maigida, sake faɗa in ji."

Na sake.

"Ka kula da ishe ɗin nan fa. In ka tashe shi daidai, aiki ne. In ka danne farkonsa ƙasa, talauci ne."

Na ce, "Ke dai duba gyaɗarki, tana ƙonewa."

Ranar ta zo, na sha babbar riga, na karya hula. Aka miƙo mini lasifika. Ga gwamna a gabana, ga sojoji da bindigogi da bulala. Wallahi ganinsu kawai ya sa muryata ta faɗa ciki, ta yi kauri. Na dai daure na saki jimlar nan.

Can sai Iya Risi, wata mai doya da ke maƙwabtaka da rumfarmu, ta ƙwala ihu, "Otito ni!" wato gaskiya ne. Mata suka ɗauka gaba ɗaya, tafi raf-raf, wasu har da kaɗa ɗankwali. Na ce a raina, kai, yau na fitar da Hausawa kunya! Na gyara wuyan riga, na ƙara buɗe murya. Na ce wannan ishe da kuka ba mu ya shiga kowane gida a garin nan, babba da yaro kowa ya samu rabonsa, Allah ya saka muku da irinsa.

Kasuwa ta kusa tsagewa. Alhaji Mamuda na ta jan rigata ta baya, ni kuwa na ɗauka cewa yake in ƙara.

Sai gwamna ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta bariki, "Malam, yi Hausarka, na daɗe a Kaduna. Aiki na ba ku ko talauci?"

Innalillahi! Nan maganar Hajara ta faɗo mini. Gumi ya karyo mini har cikin takalmi. In na ce aiki, matan nan da suka gama yi mini tafi sai sun cinye ni ɗanye. In na ce talauci, a bariki zan kwana. Na dubi Iya Risi, na dubi bulala.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ana dai samun kowanne."

Gwamna ya tuntsire da dariya, sojojinsa ma da suka ga ya dara suka taya shi. Ya dafa kafaɗata, ya wuce wajen masu tattasai. Na sauke ajiyar zuciya, har na fara jin kaina wani gwani. Sai da motocinsu suka tashi Alhaji Mamuda ya matso, ya ce a hankali, "To, kwanon fa?"

Jama'a, ko ambatarsa ban yi ba.

Daminar nan da tamfol muka yi ta, hadari na haɗowa mu yi ta guje-guje da buhuna. Alhaji bai ƙara amsa gaisuwata da kyau ba sai da kaka ta yi. Matan kasuwa kuwa suka laƙaba mini Baba Ishe, mutumin da ya faɗa wa soja gaskiya ido da ido. Duk gwamnan da aka kawo sai sun zo jin ra'ayina. (Na yi ta rantsuwa kuskure ne, suka ce tawali'u ne irin na Hausawa.)

Abin da na koya kaɗan ne, amma ya ci mini albasa da yawa. In Allah ya haɗa ka da gwamna, yi magana da harshen da ka sha a nono, kuma ka fara roƙon kwanonka tukuna. Godiya ba ta ruɓewa in ta jira.