Ranar da Amplina Ya Kori Amarya daga Mota

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Hadiza ba, duk da na yi shekaru ina ƙoƙari. Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa a Kwatano ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai sayar da gawayi. Ina tuƙa tasi tsakanin unguwar Zango da kasuwar Dantokpa, kuma babu abin da nake so a duniya kamar a ji motata kafin a gan ta.

Ana saura kwana uku biki na sayo ampli, wato akwatin ƙara wa kiɗa ƙarfi, a hannun wani ɗan kasuwa a kasuwar Misebo. An rubuta ƙarfinsa wat ɗari biyar a jikinsa da jan fenti. (Nauyinsa bai kai na burodi ba, amma wannan bai dame ni ba.) Na haɗa wayoyin da kaina, na dasa lasifika biyu a bayan kujera.

Ni aka ba ɗaukar amarya zuwa gidan mijinta a Godome. Hadiza na baya a lulluɓe tana kukan rabuwa da gida, Gwaggo Asabe, yayar babanmu, na gefenta tana lallashi. A gaba kuma Rabi ce, babbar ƙawar amarya, wadda na yi wata shida ina neman ta ko kalle ni.

Na sa kaset, ganga ta fara. Rabi ta ɗan gyaɗa kai. Ai kuwa sai na ƙara.

"Kai Ɗanlami, rage mana wannan abu," in ji Gwaggo.

"To, Gwaggo," na ce, na yi kamar na rage.

Da muka iso mahaɗar Godome na hango dangin ango sun yi layi a bakin titi, sai na murɗa maɓallin har ƙarshe. Muryar mawaƙin ta shaƙe, gangar ta koma kamar ana yaga buhu. Sai wari, sai hayaƙi daga bayan ɗankwalin Gwaggo.

"Wuta! La'ilaha illallahu, wuta!"

Ban gama tsayawa ba ƙofofi suka buɗe. Amaryar da aka fito da ita daga gida da ƙyar, tana taku ɗaya-ɗaya, ita ce ta riga kowa gudu. Ta yar da mayafi, ta tsallake tiren mai lemo, a gaban surukanta. Wani ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Kamarad, amarya ka ɗauko ko gobara?" Rabi kuwa ta durƙusa a bakin kwata tana dariya har da hawaye. A motar wani aka ƙarasa da Hadiza.

Washegari na kai gawar kayana wurin Baba Sule mai gyaran rediyo a Zango. Ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo.

"Ko wat ashirin babu a nan. Har ina ka murɗa?"

"Har ƙarshe, Baba."

"To da ganga ta buga da ƙarfi, ina kake so ya samo ƙari? Ka riga ka cinye ƙarfinsa. Ƙaramin ampli in ka matsa masa, ƙazamin sauti yake turawa, shi ke ƙona lasifika. Mai ƙarfin gaske ake nema, a buɗe shi rabi, a bar masa sarari."

Ya ce in ina so in riƙa zuwa bayan la'asar in koya. Na je, don dama kunya ta hana ni zama a tasha. Bayan shekara biyu direbobin tashar da suka yi mini dariya su ke kawo mini motocinsu in haɗa musu kayan kiɗa.

Gwaggo ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata, amma ita ce daga baya ta kai goron tambayar Rabi, bisa sharaɗin ba za ta shiga motata ba. Tun daga nan na gane, ko a kiɗa ko a neman aure, gara a ce maka "ɗan ƙara" da a ce "wuta".